Yatsu Uku a Gindin Burodi

Shekara ashirin da uku ke nan ina aiki a gidan burodi, amma 'yata ko ɓarɓashinsa ba ta iya ci. Wata likita ce ta gano hakan bara, bayan mun gaji da zaryar asibiti. Ta ce akwai wani abu a cikin alkama da cikin yarinyar ba ya ɗauka, ko kaɗan ya shiga sai ya ji wa hanjinta ciwo, abinci ya daina kama jikinta. Na tambaye ta kaɗan kamar yaya. Sai ta ɗaga ɗan yatsanta ta nuna mini farce, ta ce, "Abin da zai maƙale a ƙarƙashin wannan ya isa."

Na dubi nawa faratan. Duk ƙarƙashinsu fari fat.

Tsuntsuwa muke kiranta, shekararta goma sha ɗaya. Mahaifina ne ya laƙaba mata sunan, saboda yadda take tsattsagar abinci tana barinsa. Shi ma mai burodi ne, a wurinsa na koyi sana'a tun ina tsayawa a kan akwati kafin hannuna ya kai teburi. Injin kwaɓi ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama tun kafin a haife ni, ƙaramin da na kusa da shi. Da sauran ukun ya ciyar da mu.

Ranar da muka dawo daga wurin likita na kwashe duk abin da ya taɓa alkama a gidan. Rariya, cokalin katako, katakon yanka, har tsohon gwangwanin gashi, duk na bayar. Na kafa wa kaina doka: in na taso aiki ba na shiga ɗaki sai na yi wanka na goge farce da buroshi. Rigar aikina mai aljihu a gaba kuwa ba ta ƙara kwana a cikin gida ba, a leda nake ƙunso ta in wuce da ita. Na kafa mata ƙusa a barandar baya, a jikin bangon waje kusa da tagar kicin, can take kwana.

Tsoho, mahaifin nawa, bai yarda ba. A lokacin yana zaune tare da mu, a ɗan ɗakin da ke kallon kicin.

"Jikar mai burodi, 'yar mai burodi, a ce alkama na kashe ta?" in ji shi. "Gobe kuma sai su ce ruwa na shaƙe ɗan kifi."

Sau biyu ina kama shi yana miƙa mata ɓawon burodi a ɓoye. Ba mugunta ba ce, shi a ganinsa tausayi ne. A karo na biyu na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce kada ya ƙara sa ƙafa a kicin ɗin nan, kada hannunsa ya ƙara taɓa abincin 'yata. Ya dubi hannun nasa, ya sa shi a aljihu, ya koma ɗakinsa. Bayan wata huɗu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Muna gaisawa har ƙarshe, amma maganar nan ba mu taɓa komawa kanta ba.

Bayan rasuwarsa ne Tsuntsuwa ta fara zancen burodi. Ba ta kuka, ba ta naci. Sai dai in na dawo aiki ta zo ta tsaya kusa da ni kafin in shiga wanka, ta ja numfashi.

"Baba, kana ƙamshi."

"Matsa can, kar ki shaƙa."

"Ƙamshin ma haramun ne?"

Uwarta tela ce, kekenta na falo kusa da taga, kuma Tela nake kiranta tun muna saurayi da budurwa. Ita ta karɓo mana takarda a wurin ma'aikaciyar asibiti mai kula da abincin marasa lafiya. An rubuta yadda ake burodin da babu alkama a ciki, mai gishiri ba mai zaƙi ba. Garin shinkafa kofi ɗaya da rabi, garin masara rabin kofi, ƙwai uku, mai, cuku, tafarnuwa, masoro, bekin foda. Sai zukini guda biyu, wata 'yar kabewa koriya doguwa mai kama da kokwamba, wadda ita ke hana shi bushewa.

"To, gwani," in ji Tela, tana miƙo mini takardar, "ga ranarka. Mu ga ko shekara ashirin da ukun nan ta gaskiya ce."

Lahadi ce ranar hutuna. Da hantsi na sayo sabon gwangwani da sabon magogi, na wanke su sau biyu duk da cewa daga leda na ciro su. Na goge zukinin, na barbaɗa gishiri, na bar shi ya tsatso ruwa, sannan na zuba a farin ƙyalle na murɗe. Ruwan da ya fito kore ne shar, ya kusa cika kofi. Na fasa ƙwai na kaɗa da mai, na zuba gari. Abin da ya ba ni mamaki, babu abin murzawa. Kwaɓin ruwa-ruwa ne, da cokali ake juya shi. Hannuwana suna ta neman abin da za su danna su naɗe, babu. Da Tsoho na raye da ya ce wannan laka ce.

Ban yi karatu mai zurfi ba, don haka takardar na manna a bango daidai fuskata, ina bin ta layi-layi da ido, ina maimaitawa a baki don kada in yi kuskure. Na shafa wa gwangwani mai, na juye kwaɓin, na sa a tanderu minti hamsin.

Ya fito ja-ja-ja, da ɗigon kore a jiki. Na kifa gwangwanin, sai ya zame ya faɗo kan faranti gaba ɗayansa, ko kusurwa bai bari ba.

"Ikon Allah," in ji Tela. "Matar nan fa ta ce yana kamawa, sai an bi gefe da wuƙa."

"Ita ba 'yar mai burodi ba ce," na ce.

Tsuntsuwa ta ci yanka uku. Rabona da in ga ta cika baki da abinci har na manta. Ta lashe yatsu, ta ce in ajiye mata na makaranta.

Kafin la'asar ta naɗe a kan kujera tana riƙe da ciki, gumi na keto mata. Kwana uku ba ta je makaranta ba.

Muka ɗora laifin a kan bekin foda, don wani akan haɗa shi da garin alkama. Na canja, na sa Tela ta karanta mini duk ƙananan rubutun da ke jikin gwangwaninsa. Garin shinkafa ma na daina sayen niƙaƙƙe, don ban san abin da injin ya niƙa kafin shi ba, na sayo na leda mai hatimi. Lahadi ta biyu na sake yi. Ya sake zamowa daga gwangwani sumul. Ta ci yanka biyu, tana kallona tana murmushi don in ji daɗi. Wannan karon har da amai, kwana biyar.

Likita ta auna ta, ta duba ƙasan idonta, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Alkama na shiga cikin yarinyar nan. Ta rage kilo biyu, jininta ya yi ƙasa. In ta sake faruwa kwantar da ita zan yi, kuma ba na kwana biyu ba. A ina kake aiki, ka ce?"

Na faɗa mata. Ta yi rubutu.

A hanya Tela ta ce a bar zancen burodin nan haka. Tsuntsuwa na tsakaninmu, ta ce, "Ba burodin Baba ba ne. Ƙila a makaranta ne na taɓa wani abu." Tana kare ni ne, na sani, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Lahadi ta uku suka tafi gidan ƙanwar Tela. Na ce zan huta. Suna fita na kulle ƙofar gida, na shiga kicin. Ba don kowa ya ci zan yi ba, so nake in ga ta inda abin yake shiga. Na wanke teburi da ruwan zafi. Na yanke farce har sai da naman ya yi ja. Rana tsaka ce, haske ya cika kicin ɗin, ana jin yara na buga ƙwallo a ƙasan bene, wani yana gyaran babur. Zafin tanderu ya sa na buɗe tagar da ke damana, kamar kullum.

Na goge, na matse, na kaɗa, na juya. Idona a kan takarda, bakina na bin layi. Na shafa mai, na juye kwaɓi, na rufe tanderu.

Da na miƙe sai na ga rigar aikina tana lilo a kan ƙusarta, a wajen taga. A hankali take yi, dama da hagu. Na dubi igiyar shanya, akwai ɗankwalin Tela a kai, ko motsi ba ya yi. Babu iska ko kaɗan. Na tsaya ina kallon rigar har ta tsaya da kanta.

Na leƙa barandar. Babu kowa, ko kyanwa. Hawa na biyu muke, kuma barandar ba ta da wata ƙofa sai ta kicin.

Wajen minti talatin da sa burodin, ƙamshi ya fara tashi. Tafarnuwa, cuku, masoro. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani, siriri, wanda ko cikin barci aka sa mini a hanci zan gane shi. Garin alkama in ya gasu a jikin ƙarfe mai mai, ƙamshinsa daban ne. A cikinsa na girma.

Da ya gasu na kifa shi, ya zamo. Wannan karon ban juya shi daidai ba, na bar gindin a sama, na kai shi bakin taga.

Akwai farin gari a gindin, siriri kamar hoda. A cikin garin kuma an ja layi uku daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ɗan karkace, irin wanda yatsu ke bari in an baza gari a gwangwani da shafa ɗaya. Uku ne, ba huɗu ba.

Na san layukan nan. Ina yaro, in Tsoho ya kawo burodi gida, nakan juya gindinsa in sa yatsuna a kan sawun nasa, ina auna ko na kai shi.

Na zauna a ƙasan kicin. Daga inda nake ina hango ƙofar ɗakinsa, a rufe, yadda muka bar ta. Ban san lokacin da na fara magana ba.

"Baba," na ce, "na yi kuskure da na ɗaga maka murya. Ka yafe mini. Amma yarinyar nan ba ta da laifi. Wallahi ciwon gaskiya ne, ba ƙaryar likita ba ce."

Mai gyaran babur ya tayar da injinsa ya kashe.

Na naɗe burodin a leda biyu, na sauka na jefa shi a kwandon shara na bakin titi. Na goge kicin ɗin kaf. Da suka dawo Tela ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina.

"Hutun ke nan?"

Ban iya yi mata ƙarya ba, ban taɓa iyawa ba. Na ja ta ɗaki na faɗa mata komai, har da rigar, har da layukan. Na ɗauka za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Sai ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallona.

"Baban Tsuntsuwa, wanda ya mutu ya mutu. Tsoho yana inda ba a gasa burodi."

"Na gani da idona."

"Ban ce ba ka gani ba. Lahadi mai zuwa za ka sake yi, ni kuma ina tsaye. In shi ne, sai ya gaya mini dalilin da zai cuci jikarsa. Dama akwai sauran magana tsakanina da shi, bai taɓa yaba girkina ba."

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Abinci ba ya wuce mini. In zan wuce ƙofar ɗakinsa sai in yi sallama ƙasa-ƙasa. Sau biyu na ɗauki rigar aikin zan jefar, sai in tuna ita kaɗai gare ni, in mayar.

Ranar Lahadi Tela ta ja kujerar kekenta ta kawo kicin, ta zauna a bayana ta harɗe hannuwa. Muka ce wa Tsuntsuwa ta zauna a falo. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne. Na buɗe taga. Rigar na rataye, ba ta motsi.

Na goge zukini. Garin haka na goge har gefen yatsa.

"Sannu, gwani. Jini ba ya cikin takardar."

Na matse, na fasa ƙwai, na auna gari. Kowane abu sai na ɗaga mata ta gani kafin in zuba. Ta ce in daina nuna mata, in yi yadda na saba. Na mayar da idona kan takarda. Na jawo gwangwani, na shafa mai da hannun hagu, ina karanta layin da ke cewa a juye kwaɓin a daidaita samansa da bayan cokali, a sa a wuta matsakaiciya.

Sai na ji an cafke mini wuyan hannu.

Na yi ƙara, na kusa kifar da kwanon. Tela ce, ta taso ban ji ba. Ta riƙe hannuna na dama da nata biyu, a sama da gwangwanin.

"Kar ka motsa. Duba."

Na duba. Hannuna ne, na san shi, ga tabon ƙunar tanderu a bayansa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe sun manne a tafi, kamar babu su. Sauran ukun sun tsuke wuri ɗaya, farin gari na zubowa daga tsakaninsu a hankali, yana sauka a kan man. A wajen taga rigar tana lilo.

"Ka miƙa hannu ta taga," in ji ta. "Ka zura a aljihun rigar, ka ɗebo. Ko kallon wurin ba ka yi ba. Bakinka na ta karatu."

"Ban yi ba."

"Ga shi a hannunka."

"Tela, wallahi ban ji ba. Ban ji komai ba."

Na yi ƙoƙarin buɗe yatsun nan biyu, suka ƙi, sai da ta sa hannu ta miƙe su ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin ne na tuna. Dokar Tsoho ce ta farko a gidan burodi: gari ba ya faɗuwa ƙasa. Wanda ya rage a teburi, ka share shi da gefen hannu ka zuba a aljihun riga, da shi za ka barbaɗe gwangwani na gaba. Mai da hagu, gari da dama, shafa ɗaya. Gwangwani ɗari uku nake yi a rana, ban taɓa kallon ko ɗaya ba.

Tsuntsuwa na tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta dubi hannuna, ta dubi garin.

"Irin na Kaka," ta ce.

Washegari a wurin aiki, da aka fitar da gashin farko, na bi layin burodin da ke shan iska kafin masu sa leda su zo. Na juya ɗaya. Layi uku. Na juya na kusa da shi. Na bi kantar nan tun daga sama har ƙasa ina juyawa, burodi na ƙona mini yatsu, kowanne da layi uku a karkace. Dogo, abokin aikina mai kula da tanderu, ya tsaya da dogon ƙarfen zaro burodi a hannu yana kallona.

"Lafiya? Kuɗi ka jefa a ciki?"

"Dogo, wa ke yin wannan?"

Ya leƙa, ya yi dariya. "Kai mana. Ai da shi muke gane naka in ya ƙone. Tun zuwana nake ganin kana naɗe yatsu biyu in za ka baza gari. Na ɗauka ciwo ne, na ji nauyin tambaya."

Ina da shekara tara na koyi shafar nan, ina kan akwati, ina kallon hannun da ke gefena ina yin yadda yake yi. Ba wanda ya ce mini ni yatsuna biyar ne.

Rigar ta daina zuwa gida, a wurin aiki nake barinta. Tagar kicin na sa mata ragar waya. Amma ban yarda da wannan kaɗai ba, don ban san me kuma hannun nan ya iya wanda ban sani ba. Na ce wa Tela ba zan ƙara taɓa abincin yarinyar ba. Maganar da na faɗa wa Tsoho ita na faɗa wa kaina, kusan kalma da kalma, sai da ta fita daga bakina na ji ta.

Lahadin da ta biyo baya, ni ne a kan kujerar keken, a bakin ƙofar kicin, na zauna a kan tafukana. Tela ta sayo wani sabon gwangwanin. Tsuntsuwa ce ke goge zukini, uwarta na riƙe mata kwano.

"Matse sosai," na ce. "Ƙara murɗawa. In kin bar ruwa cikinsa zai yi danƙo."

"Baba, hannuna ya gaji."

"Ƙwai ɗaya-ɗaya. Tela, wannan kofin bai cika ba."

"Ka ji mutum," in ji Tela. "An ɗaure masa hannu, baki ya karɓi aiki."

Tsuntsuwa ta shafa mai, ta ɗauki kwanon kwaɓi za ta juye. Sai na ji abu na motsi a ƙarƙashin cinyata ta dama. Yatsu biyu suna lanƙwashewa, uku suna tsukewa, suna murza abin da babu. Na danna da dukkan nauyina har ta rufe tanderu.

Burodin ya kama gwangwani. Sai da aka bi gefensa da wuƙa, kusurwa ɗaya ta ɓalle, rabin gindin ya tsaya a ciki. Tela ta ce kamar wanda mota ta taka. Na sa aka juya mini shi na duba, babu komai a gindin sai ramuka da ɗigon kore.

Tsuntsuwa ta ci yanka biyu, ta kankare na jikin gwangwanin da cokali. Na zauna ina kallon agogon bango. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Tana kwance a ƙasa a falo tana aikin makaranta, tana kaɗa ƙafa. Wajen ƙarfe biyar ta ɗago kai.

"Baba, ka daina kallona haka. Akwai saura?"

Na ce akwai, ta je ta yanka da kanta.